Daminar Golmon da Ta Rage wa Saja

Litinin, da hantsi

Yau ya kira ni da sunana.

Ina tsugune a tsakar gida ina kankare tukunyar tuwon jiya, sai na ji an ce, "Dinah, ina takalmina na coci?" Na ɗago ina duban ƙofar waje, ina neman baƙon da ya shigo ba sallama. Ashe mijina ne, Saja Ishaya, tsaye a bakin ɗaki da singileti. Rabon da in ji sunan nan a bakinsa ya fi shekara biyu. Tun da mantuwar ta kama shi "Madam" yake ce mini, yadda suke ce wa matan hafsoshi a bariki, in na shigo ɗaki ya miƙe ya ƙame, ni da na haifa masa 'ya'ya biyar. Na ce masa yau Litinin ce, babu coci. Ya ce to, ya koma ciki. Ni kuma na zauna a kan turmi da soso a hannu na sha kukana, har kaji suka cinye ƙanzon da na ajiye.

Aikin maganin nan ne. Autarmu Glory, da ke aikin nas a Sakkwato, ita ta sa sunansa cikin waɗanda za a gwada wa wani sabon maganin mantuwa. Ko suna ba a raɗa masa ba tukuna, lamba ce kawai a jikin kwalbar. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani kamar 'yar aji ɗaya, ni da na tsufa ina koyar da 'yan aji ɗaya. Wai a cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari, gulutamet, shi ke kai saƙo daga wannan jijiya zuwa waccan, kuma akwai wasu 'yan ƙofofi da ke karɓarsa. Na Babansu suna rufewa da wuri, saƙon bai gama shiga ba. Maganin yana riƙe ƙofar ne ta ɗan daɗe a buɗe. Ta ce sinadarin ma dangin farin magi ne. Na ce ai tun ina amarya nake zuba masa farin magi a miya. Ta ce, "Mama, ba ta nan yake shiga ba."

Sun gaya mana gwaji ne, ba alkawari ba, kuma da an ga wata illa za a tsayar nan take. Na sa hannu. Ran nan ko takardar sayar da gidan nan aka miƙo mini da na sa.

Laraba, da yamma

Ya gane Fasto tun daga bakin ƙofa. Ya tambayi karenmu, na ce ya mutu bara, ya ce ayya. Da la'asar na jira ya sake tambaya, bai sake ba.

Ya ce miya ta yi gishiri. Ta yi ɗin. Shekara biyu ina tafka gishiri ba mai ce mini kanzil, yau an kushe mini girki ina ta washe baki kamar wadda aka ba kyauta.

Alhamis, da sassafe

Bai yi barci ba. Ni ma haka.

Juma'a, da rana

Dakta Khairat ta bugo, ita ce likitar da ke kula da masu gwajin, duk Juma'a take kira. Murya gare ta mai sanyi, Basakkwaciya.

"Mama, yaya jikin Baba? Shina barci? Hannu ba ya rawa?"

Na ce da sauƙi. Na ba ta labarin suna, da na kare, da na gishiri. Ta yi murna sosai, na ji tana rubutawa. Ta ce, "In kunka ga wani abu, komi ƙanƙantarshi, ku hwaɗa mani."

Na ce to. Ban faɗi zancen barcin ba. Tsoho ne, wane tsoho ke barci? Rawar hannun kuma ba yawa, sai in zai ɗauki kofi.

Asabar, da hantsi

Ƙarar ƙarfe ta tashe ni daga ɗan gyangyaɗin da na samu bayan gari ya waye. Na fito na tarar ya shiga rumbu ya zaƙulo tsohuwar garmarsa, yana wasa ta a kan dutse. Na ce, "Saja, lafiya?"

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Ana bina damina guda."

Sai da na zauna kafin na gane inda ya dosa. A wajenmu da garma ake auren mace. Saurayi da abokansa su yi wa uban yarinya noma damina bakwai, shi ne golmo, sannan a ba shi mata. Ishaya ya yi shida a gonar babana a Manga. Ana jiran ta bakwai motar ɗaukar soja ta zo Zuru, ya haye ko sallama babu. Ƙaninsa Japhet, Allah ya ba shi hutawa, shi ya cike masa ta ƙarshen. Babana ya ba da ni, amma har ya koma ga Ubangiji bai taɓa ce masa "ka gama" ba. Mai Shida yake kiransa, a gaban kowa, har a gaban jikoki.

Na ce, "Haba Saja, ni da nake da jikoki a jami'a? Wa ke binka? Baba ya rasu, Japhet ya rasu."

Ya ce, "Na sani. Ina nan aka binne su. Gonar ta rasu?"

Ni na roƙi Allah ya dawo mini da mijina. Ban ce a dawo da shi har da taurin kan ba, amma ga shi tare suka zo.

Litinin, da yamma

Mun je Manga. Ba yadda na iya, ko in bi shi ko ya tafi shi kaɗai, don tun asuba ya sa takalmin roba ya saɓa garma. Mashin biyu muka ɗauka, ƙuguna har yanzu bai yafe mini ba.

Gonar yanzu tana hannun ƙanina Abubakar Siddiƙ, wanda ya musulunta tun yana saurayi. Muka same shi da ma'aikata suna huɗar dawa. Da ya hango Saja da garma sai ya saki baki.

"Yaya, mi ke faruwa? An daina biyan fansho ne?"

Saja ya tsuguna har ƙasa ya gaishe shi, yaron da ya goya a wuya. Ya ce ya zo cike golmo. Siddiƙu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya dube ni, ya ga ba na dariya, ya haɗiye sauran. Ya auna masa wani yanki daga gefen dutse zuwa gindin ɗorawa, ya ce in ya huɗe wannan an yafe sauran. Saja ya ce ba yafiya ya zo nema ba. Siddiƙu ya ce to, wannan ɗin shi ne daminar, shi ne mai gona yanzu, shi ke yanka.

Ya yi noma. Wallahi ya yi, ba sauri, amma layinsa a miƙe yake. Na zauna a inuwa ina kallon bayansa, ina jin haushi, ina jin daɗi, ban san wanne ya fi ba.

Talata, da yamma

Mun koma. Ya ƙi shan ruwa.

Matar Siddiƙu ta kawo kunu da ɗumame, ya kau da kai. Na bi shi da gora har cikin gona, ya ce, "Dinah, kin manta? Ɗan golmo ba ya ci ba ya sha a idon surukai." Ni yake tambaya ko na manta. Na ce surukin nan fa kai ka koya masa ɗaura wando. Ko a jikinsa. Tun safe har rana ta karkata bai sa komai a bakinsa ba sai ƙwayar maganin, ga shi rabonsa da barcin kirki tun wancan mako.

Na gaji. Ƙafafuna sun kumbura.

Laraba, da magariba

Ba zan rubuta abin da na gani ba.

Siddiƙu ne ya riƙe wa Saja kai da ya faɗi, don kada ya bugi dutse. Ma'aikatan suka ja da baya, ɗaya ya tofar da yawu ya toshe hanci da riga, kamar abin yana bin iska. Na cire ɗankwalina na goge masa baki. Bai daɗe ba. Siddiƙu ya ce bai daɗe ba, ni dai na ga kamar rana ba za ta faɗi ba.

A motar wani mai hatsi muka dawo. Ya yi barci tun a hanya, yanzu ma barcin yake.

Alhamis, da safe

Na wanke wandon. Na shanya a bayan ɗaki inda ba mai gani.

Alhamis, da la'asar

Koko kawai ya iya sha, harshen ya kumbura ta gefe. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Na faɗi ko?"

Na ce ka faɗi.

"A gaban surukai?"

Ka ji abin da ya dame shi. Na ce Siddiƙu ne kawai, kuma bakinsa da nauyi. Sai ya kamo hannuna, abin da ko muna da ƙuruciya ba ya yi da rana. Ya ce, "Gobe likitar nan za ta kira. Kada ki gaya mata. Soja ba ya kai rahoton ciwo ana tsakiyar aiki." Ya ƙara da cewa, "Na san inda nake kafin maganin nan, Dinah. Ban san komai a can ba, amma na san ba kowa. Kada ki mai da ni."

Me zan ce masa? Na ce sha kokonka kafin ya huce.

Juma'a, da rana

Ta kira. Na ce da sauƙi.

Lahadi, bayan coci

Ya karanta Zabura a gaban jama'a, ba tuntuɓe sai ɗan nauyin harshe. Matan zumunta na cocinmu suka yi ta guɗa, Larai shugabarmu ta rungume ni tana cewa Ubangiji ya amsa. Aka ce in tashi in ba da shaida. Na tashi na ba da. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, wanda ban faɗa ba ne ya hana ni cin abinci.

Larai ta ja ni gefe tana tambaya ko za a samo wa kishiyar uwarta irin maganin, ko guda biyar ne. Na ce ba a kasuwa yake ba. Ta ɗauka rowa nake yi.

Litinin, da yamma

Na ɓoye garmar a ƙarƙashin buhunan gawayi. Kafin in gama dama koko ya samo ta. Da can cokali ma sai ya ɓace masa a hannu, yanzu ba abin da ke ɓoyuwa a gidan nan.

Mun yi sulhu: zai sha ruwa ya ƙoshi kafin mu isa, kuma da rana ta take zai zagaya bayan dutse inda ba idon suruki ya sha kunu. Ya ce wannan ha'inci ne. Na ce duk 'yan golmon zamaninku haka suke yi, ni da kaina na sha kai maka fura bayan dutsen nan. Ya yi dariya ya ce, "A ƙwaryar nan mai tsaga." Ni na ma manta da ƙwaryar.

Ya kai rabin yankin.

Talata, da yamma

Lafiya lau yau. Ban yarda da lafiyar ba, duk motsin da ya yi gabana sai ya faɗi.

Laraba, da hantsi

Ya sake faɗuwa. A gida, a gefen murhu.

Na fita ɗebo ruwa ne kawai. Hannun hagu ne, daga gwiwa zuwa wuyan hannu. Da tukunyar ta kife ta ɗaya gefen, da yanzu ba rubutu nake ba. Wannan karon ya fi na gona daɗewa, kuma da ya farfaɗo ya jima bai san inda yake ba.

Mai kemis ya wanke ƙunar ya ɗaure. Na ce masa santsi ne ya kwashe shi.

Laraba, da yamma

Ina ta kallon kwalbar a kan taga. 'Yan ƙwayoyi farare, ko ƙwayar gero ta kusa fin su. In na yi magana za su karɓe, in koma Madam. In na yi shiru wata rana zan dawo daga rijiya in tarar da abin da ba zan iya ɗaurewa a kemis ba. Tsakani da Allah ba shi kaɗai nake tausayi ba, har da kaina. Na gaji da zama baƙuwa a ɗakina, na ɗanɗana makonnin nan, ba na son komawa.

Ya ce in miƙo masa na yamma. Na miƙa.

Alhamis, da safe

Na kira Glory. Ban shirya ba, na ɗauki wayar ne in duba lokaci sai na ga na danna sunanta.

Na gama ba ta labari, ta wanke ni tas. "Farfaɗiya ce, Mama! Ki faɗi sunanta! Ƙofar da na gaya miki ce ta ƙi rufuwa, saƙo ya yi wa ƙwaƙwalwa yawa. Ga rashin barci, ga ƙishirwa, ga rana. Sau biyu? Kuma kika ce da sauƙi? Ba Baba kaɗai ke shan maganin nan ba fa, akwai iyayen wasu. In ba a faɗa ba ta yaya za a sani?"

Ban yi tunanin iyayen wasu ba. Ko sau ɗaya ban yi ba, gaskiya ke nan.

Sai ta fashe da kuka ta ce ita ma shekaranjiya a waya ya kira ta da sunan da yake kiranta tana ƙarama, ta kasa komawa bakin aiki. Muka yi ta kuka a waya har kati ya ƙare.

Alhamis, da la'asar

Dakta Khairat ba ta yi faɗa ba, na ma fi son ta yi. Ta ce kada a sake ba shi ko guda, a kai shi asibiti a nan Zuru a duba shi yau, Glory za ta zo ta karɓi kwalbar. Na ce zai koma yadda yake?

Ta ce, "Mama, ba mu sani ba. Shi ya sa aka kira shi gwaji. Wasu sannu-sannu, wasu da sauri. Ba ni yi maki ƙarya."

Ni na gaya masa da bakina. Ya daɗe yana kallon bandejin hannunsa. Na jira ya yi faɗa, ya ce na ci amanarsa. Ya ce, "Kwana nawa gare ni?" Na ce ba su sani ba. Ya ce, "To a kira mini su Kofur."

Juma'a, da rana

Ba wanda ya kira yau. Na riƙa duba wayar duk da haka.

Asabar, da magariba

Golmo dama ba aikin mutum ɗaya ba ne, da abokai ake yi. Waɗanda suka rage cikin abokansa uku ne, duk tsofaffin soja: Kofur Joel mai ido ɗaya, da wasu biyu da ba wanda ke da cikakkun haƙora a cikinsu. Suka zo da garemani a kafaɗa kamar za su fareti. Likitan asibiti ya ce Saja ya huta, saboda haka aka yanke su za su yi, shi ya ja layin ƙarshe. Na sa masa hular kaba, na tsaya a kansa ya shanye gora guda tun a bakin hanya.

Rabin aikin gardama ce. Joel ya ce layin wancan ya karkace, wancan ya ce da ido ɗaya ka gani? Suka tayar da waƙar golmo da yarenmu, muryoyi duk sun dushe, ma'aikatan Siddiƙu suka ajiye aiki suna kallo. Har wanda ya tofar da yawu ran nan ya shiga ya kama musu.

Rana ta yi sanyi Saja ya karɓi garma da hannu ɗaya da rabi, ya ja layin ƙarshe har gindin ɗorawa. Ya daɗe. Ba wanda ya taya shi.

Siddiƙu ya je ya sako babbar riga a kan kayan gona, ya tsaya inda Baba ke tsayawa. Saja ya tsuguna a gabansa. Siddiƙu ya ce, "Ishaya, ka yi bakwai. Ka gama. Ba mai binka ko taki ɗaya a gonar nan."  Sannan ya faɗi abin da uba ke faɗa, don a al'ada ba a ɗaukar mata daga gona: "Tashi ka tai gida ka share ɗaki. Mata za su kawo maka ita."

Saja ya tashi fuskarsa duk hawaye da ƙasa. Ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ran da aka binne ɗanmu na biyu.

A hanya Joel ya ce a ƙarasa yau, a kira matan zumunta su lulluɓe ni su kai ni. Na ce Kofur ka rufa mini asiri, ƙafafuna kamar turame, ga hadari ya haɗo, ga wanki. Wasan ya isa haka na yau. A bari sai Lahadin mako mai zuwa, Glory ma ta iso ta gani.

Lahadi, da yamma

Ya share ɗaki da kansa, har ƙarƙashin gado. Ya ce, "Yaushe za a kawo ta?" Na ce ga ni ai, amarya da furfura. Ya yi dariya ya ce, "Dinah ke nan."

Ya yi barci mai kyau. Hannun ma ya daina rawa.

Talata, da safe

Ya tambayi kare.

Laraba, da yamma

Glory ta iso, ta ƙirga abin da ya rage a kwalbar ta sa a jaka. Ya gaishe ta da ladabi ya tambaye ta ko daga asibitin bariki take. Ta ce e. Ta shiga bayi ta daɗe.

Bai kira sunana ba yau. Bai kira ni da komai ba. Na yi ta giftawa ta gabansa da dalili da ba dalili.

Alhamis, da rana

Na ce wa Larai kada a jira Lahadi, a yi gobe.

Juma'a, da magariba

Sun zo su takwas da kayan zumunta, da tulun kiɗa da kacau-kacau. Aka fitar da ni ta ƙofar baya zuwa gidan Larai, aka lulluɓe ni da sabon zane, aka taho da ni ana waƙa, yaran unguwa na bin mu suna dariya. Ina jin kunya, ina jin ciwon gwiwa, amma zuciyata na bugawa kamar ta yarinya, ba zan ɓoye ba.

Yana tsaye a bakin ɗaki da farar riga. Ya yi wa matan sannu da zuwa, ya sa Glory ta kawo tabarma. Larai ta ce, "Saja, ga matarka mun kawo." Ya matso ya ɗaga zanen a hankali. Ya dube ni sosai. Sai ya yi murmushi, irin na wanda ya gano an shirya masa wasa.

Ya ce, "Kai, Mama, kun iya zolaya. To na biya kuɗin wasa. Ina yarinyar?"

Kiɗan ya tsaya. Larai ta buɗe baki, na taka mata ƙafa. Na ce, "Tana tafe, ɗana. Mu aka turo gaba."

Na raba musu zoɓon da na dafa, suka sha a tsaitsaye suka watse.

Asabar, da safe

Da na yarda da shawarar Joel ran nan. Hadarin ma bai zubo ba.

Litinin, da hantsi

Glory ta koma. Ta ce Dakta Khairat ta ce abin da na faɗa ya sa an rage wa sauran masu gwajin yawan maganin, wai in ji ta a gode mini. To. Ta ce kuma akan samu haka, abin da ya shiga da ƙarfi lokacin da ƙofar ke buɗe ya zauna, na bayansa ya kasa shiga. Ya manta ƙunar hannunsa, kullum sai ya tambayi wa ya ɗaure shi. Ya manta su Joel sun zo. Amma ya san ya gama golmo, ya san an ce ya je gida za a kawo masa mata.

Siddiƙu ya aiko da buhun masara da saƙon wai in yafe masa, da ya sani da ya ce ɗauki matarka ku tafi. Na ce a gaya masa abin da Baba zai faɗa ya faɗa, ba laifinsa.

Alhamis, da yamma

Na gaji, ba abin rubutawa. Ya ci tuwo. Bai faɗi ba.

Asabar, da la'asar

Kullum rana ta yi sanyi sai ya yi wanka, ya share ɗaki, ya fito da kujeru biyu bakin ƙofa, ya zauna a ɗaya yana kallon hanya. Yau ina wucewa da bokiti ya tsayar da ni.

"Mama, hanyar Manga ta yi laka ne?"

Na ce ta yi laka sosai.

"Shi ya sa suka yi latti." Ya gyaɗa kai. "Kin san ta? Dinah sunanta. Baƙa ce, doguwa, ga tsiwa. Damina bakwai na yi a kanta."

Na ce na san ta. Na ce ta yi sa'ar miji.

Ya ji daɗi. Ya dubi ƙafafuna, ya dubi bokitin, ya sa hannu ya kakkaɓe ɗaya kujerar. Ya ce, "Kin gaji, Mama. Zauna nan ki huta kafin ta iso."

Na ajiye bokitin na zauna. Muna nan muna jiranta.